Sandar Malam Giɗaɗo Mai Sallama

Duk wanda ya taɓa shiga gidan gem ɗin Bulus da ke Ƙofar Guga ya san dokar wurin tun ba a gaya masa ba. Mutum biyu ne ke zama gaban talabijin, kowa ya zaɓi gwarzonsa, a gwabza faɗa turmi uku kamar na dambe. Wanda jinin gwarzonsa ya ƙare an kashe shi ke nan, sai ya miƙa fad ɗin da ke hannunsa, wato abin bugun mai maɓallai, ga na gaba, ya koma ƙarshen benci. Ma'aikacin banki da mai faci duk layinsu ɗaya. Mutum guda ne kawai wannan doka ba ta taɓa hawa kansa ba, wato Malam Giɗaɗo mai gyaran rediyo, domin shi ba ya zaman benci. Kujera gare shi mai katifa da hannuwa, daf da talabijin, daidai inda fanka ta fi kaɗawa. Shekara goma sha ɗaya yana kanta, kuma ko sau ɗaya ba wanda ya taɓa ganin ya buga.

Da baki ya sami kujerar, da baki kuma yake riƙe da ita.

"Ku mi kuka sani?" in ji shi, in ya ga samari sun fara ihu. "Mu a Ikko, cikin casa'in da huɗu, a tsaye aka yi. Akwati ne wanda ya hi ni tsawo, da sanda guda da maɓalli shidda. Kwabo kake jehwa mashi. In kana son ka tari mai bugawa ba ka cewa uffan, sai ka aje kwabonka bisa gilashi, ka koma baya ka harɗe hannuwa. Rannan kwabbai suka jeru har ba a ganin gilashin. Mutum arba'in da ɗaya na kashe a jere, ban ko sha ruwa ba."

Wannan lissafin shekarar farko ke nan. Bara sun kai sittin da uku, bana kuwa har da wani Bature da ya fashe da kuka. In aka miƙo masa fad aka ce bismillah, sai ya kalle shi a wulaƙance, ya ce shi ba zai ɓata hannunsa da abin da ya yi kama da sabulun wanka ba, da sanda ya saba. To ina za a samo sanda a Ƙofar Guga? Haka wannan uzuri ya yi ta ba shi inuwa shekara da shekaru, yana zaune yana gyara wa mutane wasa, yana tsaki, yana cewa da shi ne da tuni an yi jana'iza.

Bulus, mai gidan gem ɗin, haifaffen Katsina ne duk da iyayensa daga kudancin Kaduna suka zo, kuma tun suna makarantar firamare yake jin ƙaryar Giɗaɗo. Ba ya ƙaryata shi, sai dai ya yi murmushi ya ƙara wa fanka lamba. Wata ranar Laraba da la'asar ya shigo da kwali ya manna a bango. Gasa za a yi nan da mako uku, 'yan wasa za su zo daga Kano da Zariya da Kaduna. Doka ta farko, kowa ya zo da abin bugunsa, fad ne ko sanda ce, duk an yarda.

"Mi za a ba wanda ya ci?" wani ya tambaya daga benci.

Bulus ya dafa hannun kujerar da Giɗaɗo ke kai. "Wagga."

"Wace?" in ji Giɗaɗo.

"Kai da bakinka ka ce kujerar zakara ce. To zakara zai zauna. Ga shi kuma an ce kowa shi zo da sandarshi, abin da ka daɗe kana nema ya samu."

Benci ya zuba masa ido, ana jiran a ji ta inda zai sulale. A ƙarshen bencin Rifkatu ce zaune, ƙanwar Bulus, malamar lissafi a wata sakandare, wadda kan biyo in ta tashi aiki ta kashe mutum goma ba tare da ta ce komai ba, ta ɗauki jakarta ta tafi gida. Ita ma ta ɗago kai tana kallonsa. Gaban Giɗaɗo ya faɗi ƙwarai, amma bakinsa bai taɓa shawara da gabansa ba.

"Rubuta sunana," ya ce. "Da manyan baƙaƙe. Sanda kuwa da hannuna zan ƙera ta, irin ta Ikko."

Washegari matarsa Bara'atu ta tafi biki Ƙofar Sauri. Ƙafarta na fita, Giɗaɗo ya shiga kicin da sukudireba ya kwance ƙyauren kabat ɗinta, katako mai kauri da ta zo da shi tun na aure. Ya kai wa maƙwabcinsa Mamman kafinta, mutum mai sanyin hali wanda bai iya cewa a'a ba. Mamman ya huda rami bakwai yana tambayar ko Bara'atu ta sani, Giɗaɗo ya ce ita ma ta ba da shawarar. Aka samo kan giyar wata matacciyar mota aka yi sanda da shi. Aka farke wani lalataccen fad aka kwashe kayan cikinsa. Maɓallai biyar suka fito daga rediyoyin da masu su suka gaji da zuwa karɓa. Na shida ne ya gagara, har sai da idonsa ya faɗa kan wata ƙararrawar ƙofa da ke cikin tarkacensa, irin wadda in an danna take yin sallama da muryar namiji. Ya yi ya yi ya raba maɓallin da lasifikar, in ya yanke wayar sai maɓallin ya mutu. Ya ce ba komai, ya liƙa su tare, ya ba wannan maɓalli aikin babban naushi.

Shagonsa a zauren gidansa yake, kuma dama akwai wani gem da aka kawo masa gyara tun watan jiya. Ranar Asabar da hantsi ya jona komai, ya zaunar da Mamman ya danƙa masa fad, ya ce ya zama abokin karawa. Mamman bai taɓa riƙe abin ba, ya tallafe shi da hannu biyu kamar an ba shi jariri. Giɗaɗo ya zaɓi gefen hagu, ya kai naushin farko.

"Assalamu alaikum!" in ji allon da ya ƙera da ƙyauren.

"Wa alaikumus salam," Bara'atu ta amsa daga cikin gida. "Maraba, ana zuwa."

Ya sake dannawa. Ta sake amsawa. Giɗaɗo bai ma ji ta ba, ya riga ya tafi Ikko. Ita kuwa tana tsakar gida tana ƙirga sallama, da ta ji sun wuce goma sha biyar ta ɗauka dangin mijinta ne suka sauka daga ƙauye ba sanarwa. Ta ƙara ruwa a miya, ta auno shinkafa kwano biyu, ta aika maƙwabta aron tabarmi. Da azahar ta yafa mayafi ta leƙo zaure da tire, ta tarar da mijinta yana gumi shi da Mamman, da wani katako a cinyarsa mai hannun tagulla da ta sha gogewa da toka.

"Ina baƙin?"

"Waɗanne baƙi?"

Ta kalli katakon, ta sake kallonsa. Kwana biyu ke nan yana gaya mata wai gara ce ta ci ƙyauren, ya kai a sa masa magani.

"Malam, garar ce ta huda mashi rami bakwai daidai wa daida?"

"Bara'atu, tarihi ne za a kahwa bisa katakon ga. Wata rana sai an zo daga Kano an ɗauki hotonshi."

"Ɓeraye ma sun kahwa nasu tarihin cikin garin tuwona. Ka ji ni da kyau. In ka ci, na bar maka shi. In ka sha ƙasa, da hannunka za ka maida shi inda ka ciro shi. Shinkahwa kuma kai da Mamman za ku cinye ta, ko da kwana ukku za ku yi."

Kwana huɗu suka yi. A cikinsu Giɗaɗo ya haddace bugu guda ɗaya tak: a ja sanda ƙasa, a murɗa ta dama, a danna babban naushi, sai gwarzo ya wurgo dunƙulen wuta. Da wannan yake kashe Mamman safe da yamma. Mamman kuwa ya gano cewa ko ya danna ko bai danna ba kashe shi za a yi, don haka ya riƙa ajiye fad a cinya yana ɓarar gyaɗa, gwarzonsa na tsaye ƙiƙam yana shan wuta.

"Ka gani ko?" in ji Giɗaɗo. "Haka suke yi a Ikko. In suka ga hannuna sai jikinsu shi mutu. Kwarjini ne."

"Gaskiya ne, Malam," in ji Mamman, ya watsa gyaɗa a baki.

Sau ɗaya ne aka sami matsala. Ɓawon gyaɗa ya faɗa kan fad, Mamman ya kai hannu zai kaɗe shi, sai gwarzonsa ya yi tsalle ya dira bayan na Giɗaɗo. Nan take komai ya juye, na hagu ya koma dama. Giɗaɗo ya ja ƙasa, ya murɗa dama, ya danna, wuta ta ƙi fitowa. Maimakon ya tsaya ya tambayi kansa dalili, sai ya hau Mamman da faɗa, wai rashin kunya ne a tsallake babba, ya koma gefensa maza. Mamman ya ba da haƙuri, aka sake sabon lale. Kafin ranar gasa Giɗaɗo ya kashe shi sau ɗari biyu da goma sha biyu, yana jan layi da alli a bangon zaure.

Mutumin da ya tabbatar zai ci ai dole ya yi tanadin murna. Ya je ya sami Sagiru, mai Keke Napep ɗin da ke yawo da lasifika yana tallar maganin gargajiya, ya ce ya zo ranar Asabar ya tsaya a bakin rumfa da injin a kunne.

Ranar ta zo. Bulus ya kafa rumfa a ƙofar shago, ya fito da babban talabijin, janareta na ruri a gefe. Baƙi sun iso tun da safe, kowa da fad ɗinsa a cikin jaka, wasu a naɗe cikin tawul. Kujerar kuwa an ɗora ta bisa tebur inda kowa zai gan ta. Bayan azahar sai ga Giɗaɗo cikin babbar riga, Mamman na biye da allon a ka, patta biyu, ƙarafan da ke riƙe ƙyauren a jikin kabat, na reto a gefensa. 'Yan Kano suka zagaye shi da wayoyi suna ɗaukar hoto.

"Mi na gaya ma Bara'atu?" ya raɗa wa Mamman.

Bulus ya hau benci yana karanta dokoki. Ya ce kafin kowane wasa za a yi gwajin maɓalli, a shiga fili kowa ya danna nasa ya tabbatar suna aiki, sannan a fita a sake shiga, wannan ba wasa ba ne kuma ba a ƙirga shi. Ya ce wanda wayarsa ta cire ana cikin faɗa ya rasa turmin. Ya ce ba a sallamar kowa da faɗuwa ɗaya, wanda aka kashe zai koma layin ƙasa ya sake gwada sa'arsa. Kowa ya ji, ban da mutum ɗaya. Giɗaɗo na can baya ya tsare wani Kabiru ɗan Kano yana ba shi labarin Baturen da ya yi kuka.

Aka ja ƙuri'a, wasan farko ya faɗa kan Malam Giɗaɗo da Rifkatu. Ya yi wuf ya zauna a hagu, ya ɗora allon a cinya, ya naɗe hannun riga.

"Malama, ki yi haƙuri da abin da zai hwaru. Ba ni da zaɓi."

"Allah shi ba mai rabo, Malam," ta ce.

Aka shiga fili. Rifkatu ta danna maɓallanta ɗaya bayan ɗaya, ta ga duk suna aiki, ta ajiye fad a cinya, ta buɗe gorar zoɓonta. Gwarzonta ya tsaya ƙiƙam. Giɗaɗo ya ga abin da ya saba gani sau ɗari biyu da goma sha biyu, farin ciki ya cika shi har wuya. Ya ja ƙasa, ya murɗa dama, ya danna.

"Assalamu alaikum!"

Wani dattijo da ya tsaya kallo ya amsa, don ba a barin sallama ta faɗi ƙasa. Wuta ta biyu, mutum goma suka amsa. Ta biyar, rumfar gaba ɗaya har da 'yan Kaduna. Jinin gwarzon Rifkatu ya yi ta zurarewa tana shan zoɓo tana kallonsa ta gefen ido, har ya faɗi.

Giɗaɗo ya miƙe ya wurga hularsa sama. "Na kashe! Ko taɓa ni ba ta yi ba! Ikko ta dawo!"

"Giɗaɗo, tsaya ka ji," in ji Bulus.

"Ba ramuwa! A Ikko ba a ramuwa!"

"Ba wannan ba, ka tsaya mana!"

Ina, ya riga ya faɗa Keken Sagiru, ya fizge makirfon. Suka ɗauki hanya. Abin da Sagiru bai gaya masa ba shi ne lasifikar tana da nata ra'ayin, in aka shiga gargada sai ta koma kan tallar da ke cikinta. Don haka abin da mutanen unguwa suka ji shi ne: "Jama'a, ni ne Giɗaɗo, wanda ya kashe zakarar Katsina, mai fama da basir ko kumburin ciki ya matso kusa, turmi ɗaya tak na yi mata, a sha cokali biyu kafin a karya!" Suka zagaya ta Gobarau, yana tsayawa a kowace majalisa yana karɓar barka. Masu shayi suka bar tukwanensu, teloli suka bar kekunansu. Ya biya ta gida ya yi ta kwaɗa kira har Bara'atu ta fito da maƙwabtanta mata, ɗaya ma ta rangaɗa guɗa tun ba ta san abin da aka ci ba. Ya ce duk su biyo shi su ga yadda za a sauke masa kujerarsa daga tebur.

Da taron da ya fi na ɗaurin aure ya dawo rumfa. Ya tarar kowa na zaune inda ya bar shi. Rifkatu ta shanye zoɓonta, har ta fito da takardun jarrabawar ɗalibai tana makawa.

"A sauko da ita," ya ce, yana nuna kujera.

"A sauko da mi?" in ji Bulus. "Naka wasan ba a hwara ba."

"Ba a hwara mi ba? Gawa ta hwaɗi gaban shaidu!"

"Gwajin maɓalli ne, Giɗaɗo. Na hwaɗa da Hausa, na maimaita. Dubawa akai a ga ko abin bugun kowa na aiki."

"To nawa ya yi aiki. Nata bai yi ba. Laihina ne?"

"Aje shi ta yi tana shan zoɓo."

"Tsoro ne ya sa ta ƙishirwa!"

Dariya ta tashi daga gefen 'yan Kano. Bulus ya ce bisa doka wanda aka kira sau uku bai amsa ba an cire shi, kuma shi an kira shi sau tara, har an yi wasa huɗu a bayansa. Giɗaɗo ya ji wani sanyi ya ratsa shi, domin ga ƙofar fita ta buɗe da mutunci, sai ya ce an yi masa maguɗi ya tafi gida. Har ya buɗe baki zai fara, Rifkatu ta rufe jan bironta.

"Yaya Bulus, ni na ce a jira shi. Shekara goma sha ɗaya nike jin labarin hannun Ikko. Yau dai in gani da idona."

Jama'ar da ya tara da bakinsa suka ɗauki tafi. Bara'atu ta sami wuri a gaba ta zauna, ta gyara mayafi. Ba yadda zai yi, ya koma ya ɗauki allon.

Aka shiga fili. Kafin ya ja sanda ƙasa, gwarzon Rifkatu ya tako, ya kwaɗa masa ƙafa a ƙeya.

"Kai! Tana motsi!"

"Haka ake yi, Malam," in ji Kabiru ɗan Kano.

Ya yi ta maza ya wurgo wuta guda, allon ya yi sallama, jama'a suka amsa. Rifkatu ta tsallake wutar da shi kansa, ta dira a bayansa. Komai ya juye. Ya ja ƙasa, ya murɗa dama, ya danna. Sallama ta fito, wuta ba ta fito ba. Abin da kowane ɗan benci ya sani, in ka koma dama sai ka murɗa hagu, shi ne shi bai taɓa sani ba, don bai taɓa zama a bencin ba.

"Bulus! A gaya mata ta koma gehenta! Ba a tsallake babba!"

"Ba ya cikin doka."

"Mamman, gaya masu!"

"Gaskiya ne, Malam," in ji Mamman, don ita kaɗai ya iya.

Turmin farko ya ƙare ko ƙwarzane bai yi mata ba. A na biyu ya ƙudura ba za ta sake tsallake shi ba, ya ja gwarzonsa baya har bango. Ta bi shi, ta cafe shi ta wurga ɗaya gefen. Nan fa dabarar mai gyaran rediyo ta zo masa: tunda filin ya juye, ai sai a juya allon. Ya miƙe tsaye, ya ɗaga ƙyauren sama, ya wulwula shi. Patta ta kama hannun babbar riga. Ya fizga. Waya ta tsinke daga jikin gem ɗin, kan giya ya fita ya gangara ƙarƙashin Keken Sagiru, maɓallin ƙararrawa ya lotsa ciki ya maƙale.

"Assalamu alaikum! Assalamu alaikum! Assalamu alaikum!"

Jama'a suka amsa sau uku, a na huɗu dariya ta ci ƙarfinsu. Dattijon nan ya riƙe ciki yana neman wurin zama. Mai guɗa ta sake rangaɗa wata. Giɗaɗo na tsaye da ƙyaure rataye a hannun riga, yana bubbuga shi yana ce masa ya yi shiru, sai da Mamman ya zo ya ciro batirin. Bulus ya share hawaye ya ce waya ta cire, turmi na biyu na Rifkatu ne, wasa ya ƙare.

"Sandar ce," in ji Giɗaɗo da ƙaramar murya. "Katakon Ikko daban ne. Da a ce..."

"Malam," Bara'atu ta katse shi, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Ni dai lokacin da kake zuwa zance gidanmu, ce mani ka yi kwabban kake saidawa a bakin ƙohwar gidan gem ɗin Ikko."

Giɗaɗo ya kalli ƙasa, ya kalli kujerar da ke bisa tebur, kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa.

"Ina saidawa," ya ce. "Amma ina kallo. Mai gidan bai bari yaran shago su taɓa. Shekara biyu ina kallo ta bayan mutane."

"To shi mai arba'in da ɗayan fa?" wani ɗan benci ya tambaya. "An yi shi?"

"An yi shi. Wani siriri ne mai gyaran takalma. Ni na miƙa mashi ruwa da ya gama."

Ba wanda ya yi dariya a wannan karon. Kabiru ma cewa ya yi wallahi shi bai taɓa sanin da kwabo ake tarar mutum ba sai yau. Giɗaɗo ya cire pattar daga rigarsa, ya rungumi ƙyauren, ya fara sulalewa ta bayan janareta.

"Layin ƙasa!" Bulus ya ɗaga murya yana duba kwali. "Malam Giɗaɗo da Kabiru na Kano!"

"An kashe ni ai," in ji shi daga bayan janareta.

"Nan ba a sallamar mutum da hwaɗuwa guda. Shi ma Kabiru an kashe shi kana can kana tallar maganin basir. Zo ka zauna."

Rifkatu ta miƙo masa fad ɗinta. Ya karɓi sabulun wankan da ya shekara goma sha ɗaya yana zagi, ya zauna a benci, katako ya ji masa tauri. Kabiru ya kashe shi turmi biyu a jere. Amma a tsakiyar na biyun, yana danne-danne ido rufe, ƙafar gwarzonsa ta tashi ta sami Kabiru a haɓa, mutum mai motsi, mai rai, ba Mamman ba. Rumfar ta ɗauki ihu kamar shi ya ci gasar, Bara'atu ma sai da ta tafa. Giɗaɗo ya ji wani daɗi da kujera ba ta taɓa ba shi ba.

Kafin magariba Rifkatu ta kashe ɗan Zariya a wasan ƙarshe, aka sauko mata da kujera. Washegari Giɗaɗo ya mayar da ƙyaure da hannunsa, da ramukansa bakwai da ƙararrawarsa. Bara'atu ta hana a cire ta, ta sa sabon batir, ta ce yanzu duk wanda ya je satar soyayyen nama kabat zai gaishe shi.

Yanzu in ka je gidan gem ɗin Bulus da la'asar za ka same shi a benci, tsakanin mai faci da ma'aikacin banki, yana jiran layi ya zo kansa. Ƙafar nan da ya yi wa Kabiru ta zama uku a makon farko, jiya na ji ta kai bakwai. Kwanan baya wani baƙo ya ga dattijo cikin samari ya tambaya ko wane ne, benci ya haɗa baki ya ce ai shi ne Zakaran Gwajin Maɓalli.

Giɗaɗo ya gyara zama, ya kalli Rifkatu da ke kan kujerarsa ƙarƙashin fanka.

"Ku yi dariyarku," ya ce. "Har yau dai ba wanda ya karɓe kambun nan daga hannuna. Matsa, layina ne."